Kujerar Gwamna da ke Zaurenmu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni ne Adamu Kafinta na Bungudu, tsohon ma'aikacin ma'aikatar ayyuka. Ina rubuta wannan da hankalina cikakke, ba wanda ya tilasta ni, Liman Bashar da maƙwabcina Isma'ila su ne shaidu. Jiki ne ya gaji, ƙafafu sun kumbura, numfashi sai na lallaɓa shi. Zuwa gare ku 'ya'yana, Mansur, Tajuddeen da Suwaiba.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba, ba zan sa baki ba. Gidan nan, gonar Wanke da shagon Gusau, a kira malamai su yi yadda shari'a ta ce. Roƙona kawai, kada a tashi Innarku Zulai daga ɗakinta muddin tana da rai. Gonar kuwa kada ku yi gaggawar sayarwa don hanya ta yi tsoro. Na daina zuwa, na sani, amma ƙasa ba ta ruɓewa, wata rana za a koma.

Na biyu. Ba na bin kowa bashi, ba wanda ke bi na, sai alkawari ɗaya. Na ce zan yi wa masallacin unguwa ƙofa, na yanka katako, ciwo ya kwantar da ni. Katakon yana bayan shago. Tajuddeen, kai ka koyi sana'ar, ka gama ta. Zarto, guduma da sauran kayan aiki ka riƙe, a lissafa maka cikin rabonka.

Kafin na uku, sai na ba ku labarin da kuke ganin kun sani. Na fara aiki a Sakkwato ina saurayi, lokacin nan ana ce mana Jihar Arewa maso Yamma. Ina nan aka mayar da mu Jihar Sakkwato, ina nan aka yanke Zamfara, aka ce 'yan ƙasar su koma gida, muka kwaso kayan aikinmu a bayan mota muka sauka Gusau. Na ga masu kaki, na ga masu babbar riga. Ban taɓa zama da gwamna ba, da yawansu ma ba su san da ni ba. Aikina kujera ne. Duk sa'ad da aka sauya shugaba, na kusa da shi sukan ce kada mai gida ya hau abin da wani ya sauka sai an bincika, wai ko an binne wani abu. Sai a aiko a kira Adamu. In farke yadi, in cire soso, in leƙa kowane lungu, mutane tsaye a kaina suna karanta addu'a ƙasa-ƙasa.

Abin da na tsinta a tsawon aikina: ƙwallon dabino, murfin biro, tsinken sakace, sai wani tsohon goro da ya bushe kamar tsakuwa. Ban taɓa ganin laya ba. Abin da na gani shi ne kowane mutum yana barin ramin zamansa a soso. Wani ya cinye hannun dama don yawan bugawa in yana magana. Wani ya karkatar da ita hagu, saboda ta nan masu raɗa ke zuwa. Wani da kyar ya lotsa ta, don kullum yana hanya. Duk wanda ya zo, da jiniya da kiɗa yake zuwa, a ce wannan ne zai share hawaye. Ranar tafiya sai a sauke hotonsa a jingine shi yana kallon bango, ni kuma in zo in cike ramin da sabon soso, kamar ba a taɓa zama ba. Wasu sun yi abin kirki, wasu sun gwada, hisabinsu yana wurin Allah. Ni dai na ga duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, kuma na gaji da kallon rawar.

Kujerar da ke zaurenmu tana cikin waɗanda aka daina amfani da su. Ta daɗe a sito, ruwa ya ci yadinta, aka yi gwanjon tsofaffin kaya, na saye ta a bainar jama'a saboda katakonta maɗaci ne mai kyau. Ko wane gwamna ya hau ta, ban tabbata ba. Na sauya soson, na sauya yadin, ƙafa biyu na baya ma ni na sassaƙa su a nan tsakar gida. Na ajiye ta don in riƙa miƙe baya da yamma. Ban san wanda ya fara cewa tana da sa'a ba. Kawai na wayi gari masu neman takara suna sallama, a gaishe ni da goro, a ce Baba bari in ɗan zauna. Dariya abin ya riƙa ba ni, nakan ce su zauna, ai kujera don zama aka yi ta.

Dariyar ta ƙare ranar da ta shiga tsakaninku. Mansur, ka nemi kansila. Tajuddeen, kana wata jam'iyyar, ka kawo mutumin da kake bi ya zauna a zauren nan kafin zaɓe, ya kuwa kayar da yayanka. Tun daga nan, Mansur, ka ce ƙaninka ya sayar da sa'ar gidanku. Ka fasa ƙofa ta baya don kada ku haɗu a zaure. Aka yi sunan Nusaiba, 'yar ƙaninka, ka tafi Gusau tun asuba wai taro. Kai ma Tajuddeen ba ka da gaskiya duka, ka san abin zai yi masa ciwo, ka yi, kuma girman kai ya hana ka cewa yi haƙuri. Yanzu kowannenku yana zuwa duba ni a lokacin da ya san ɗayan ba ya nan, ya tambayi jiki, ido kuwa yana zaure. Kowa ya aiko Innarku ta roƙa masa kujerar a ɓoye. Na ji duka. Wannan ya fi kumburin ƙafar nan yi mini ciwo.

Na uku. Suwaiba, kina 'Yankuzo, hanyar Tsafe ba kullum take biyuwa ba. In labari ya same ki da yamma, kada ki taso, ki bari gari ya waye, addu'arki za ta iso ni daga can. Keken ɗinkin kakarki naki ne tun tuni, ba ya cikin gado. Ke kaɗai suke jin kunya su biyun, kada ki gaji da shiga tsakani.

Na huɗu. Siyasa ban hana ku ba. Kowa ya bi wanda ya ga dama, ya liƙa fosta a shagonsa. Amma wanda kuke faɗa dominsa, gobe za ku gan shi yana cin abinci da abokin hamayyarsa, ku kuna nan ba kwa gaisawa. Na ga haka sau da yawa har na daina mamaki. A toshe ƙofar baya. Gidan nan ƙofa ɗaya na gina masa.

Na biyar, kuma ita ce wasiyyata. Kujerar na cire ta daga gado, ba ta kai sulusin abin da na bari ba, don haka ina da iko. Ba ta Mansur ba ce, ba ta Tajuddeen ba ce, tawa ce, kuma da ita zan tafi. Na tambayi Liman Bashar, ya ce itace itace ne, babu laifi. Ranar da na cika, yayin da ake haƙa kabari, ku biyu ku shiga zaure ku kwance ta. Na auna, katakon majingina da na mazauni da hannuwa sun isa su rufe bakin kabari, in ya gaza a cike da na daji. Soson a ba Innarku ta yi matashi.

Kada a kira wani kafinta, kada a sa gatari. Ni na haɗa ta da hannuna, haɗin cusa ne, ba ya fita sai ɗaya ya riƙe ɗaya ya buga. Tajuddeen ya san inda ake bugawa, Mansur ya fi ƙarfin riƙewa. Ba sai kun yi magana ba in ba za ku iya ba. Amma ku sani jama'a suna waje, gawata tana shimfiɗe, ba za a rufe ni ba sai kun gama. In kun ga dama ku bar ubanku yana jira.

Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya shirya zuri'arku, ya kawo wa ƙasar nan lafiya, ya ba ta shugabanni masu tsoronsa. Ku riƙe Innarku, ku riƙe 'yar'uwarku, ku riƙe juna. In kun dawo daga maƙabarta za ku tarar da zaure babu komai. Ku shimfiɗa tabarma, ku zauna a kai ku biyu ku karɓi gaisuwa.

Mahaifinku, Adamu Kafinta, Bungudu.