Kalmar da Ta Faɗi a Hanyar Badarawa

Zuwa ga mahaifina, Malam Isiyaku magatakarda, Allah Ya jiƙan ka da rahama.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, 'yarka Saratu ce ke rubuto maka daga ɗakin kwanan ɗalibai, a garin da ba ka taɓa zuwa ba. Na san ba za ka karanta ba, kuma waɗanda za su karanta yawancinsu ba su san ka ba. Duk da haka kai nake so in gaya wa, don a gabanka ne kawai ban taɓa iya yi wa magana kwalliya ba.

Albishir ya kamata in fara yi maka. Jami'a ta ɗauke ni karatun digiri na biyu, har mun fara shiga aji. Abin da nake karantawa shi ne tsaron kwamfuta da intanet, wato yadda za a hana masu kutse shiga na'urar banki ko ta asibiti su kwashe bayanan mutane. Da kana nan da ka tuna mini ranar da ka kai ni ofishinku na kotu a Ƙaura, lokacin jiharmu tana sabuwa, shari'a ta fara aiki, ka ɗaga ƙyallen da aka lulluɓe kwamfutar da shi don in gani. Ko kunna ta ba a yi ba, babu wuta, amma na dawo gida na cika wa Inna kunne da labari. Daga can abin ya faro. Sai dai, Baba, albishir ɗin ya ƙi fitowa da daɗinsa, don kunya ce ta cika ni.

Ranar da sunana ya fito, Inna ta tambaye ni me za a ce wa mutane nake karanta, na ce tsaron kwamfuta. Inna ta gaya wa maƙwabta, maƙwabta suka kai kasuwa, wani ɗan kabu-kabu ya goya maganar zuwa Shinkafi. Ban san a wane rami ta faɗi ba, amma kafin labari ya isa Badarawa, kwamfutar ta zame daga bayan babur. Abin da ya shiga garinku shi ne, Saratu ta Malam za ta karatun tsaro.

Ka riga mu tafiya kafin kalmar nan ta yi nauyi. A zamaninka tsaro na maigadin kotu ne da sandarsa. Yanzu 'yan bindiga sun cika daji, daga Zurmi har Galadi. Gonar da ta yi nisa da gari an bar wa ciyawa, kuma ba a hawa hanya sai an tambayi wanda ya fito ta can. In ka ce tsaro a gaban tsohuwa yanzu, har tashi zaune take yi.

Na ji yadda labarin ya juye, na ja bakina na yi shiru. Mata suka riƙa zuwa yi wa Inna barka. Tsofaffin abokan aikinka suka aiko da gaisuwa, wai jinin Malam bai faɗi ƙasa ba. Daɗi na ji, ba zan ɓoye maka ba. Na ce a raina, ai duk tsaro ne, wa zai zauna yi wa kowa bayanin intanet?

To, ka san Lawali, ɗan ƙanwarka Gwaggo Hajo, taubashina. Ka bar shi saurayi mai tsawon ƙafa, ya zama magidanci, shi ke riƙe da uwarsa tun rasuwar mijinta. Damina yana bayan shanun huɗarsu, rani yana kan babur. Bakinsa kuwa bai canza ba. Duk zuwana Badarawa, tun daga ƙofar gida zai fara shela: "Ku shimhiɗa tabarma, ga matata 'yar boko, wadda ba ta rarrabe gero da dawa." Ni kuma in ce masa ya fara wanke ƙafarsa tukun.

A farkon kakar nan aka tare shi a hanyar gona, ya ɗauro dammunan gero a babur. Aka tsinci geron a warwatse, shi da babur ɗin aka shiga daji da su.

Ana gobe zan taho makaranta, da hantsi, sai ga Gwaggo Hajo a Ƙaura. Hanyar da maza ke shakka ita ta biyo a bayan babur, da tsufanta, da ƙullin ƙuli-ƙuli da daddawa a cinya wai guzurina. Ta rame, Baba, fuskarta ta koma taka sak. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ja hannuna zuwa ɗakin Inna, ta saki labule. Gwaggo da ko sunanta ba ta iya karantawa a takarda, sai ta fara jero mini lambar waya da ka, tiryan-tiryan, kamar yaro na biya allonsa. Ta biya, ta sake biyawa, ta sa ni na maimaita.

Sannan ta ce, "Da wagga lamba su ka kiranmu. An ce mani karatunki na gano mugaye ta cikin waya na. Ki riƙe ta, ɗiyata, ki nemo mani inda sunka aje shi."

Ka san abin da 'yarka ta ce? Na ce, "To, Gwaggo, in sha Allahu."

Ni da na tashi ina ganin yadda kake aiki. In baƙauye ya ce "to" a gaban alƙali, idonsa kuwa ya nuna bai gane ba, sai ka ajiye alƙalami ka sake masa bayani tun daga farko, ko da kowa ya ƙosa. Har a gida haka kake. Ka sha gaya mini, "Kada ki bar mutum ya tahi da rabin magana, Saratu. Sauran rabin shi za ya cika da kainai, alhakin kuwa naki na." Ina sane da wannan lokacin da na raka Gwaggo bakin titi. Na ga ta hau babur da ƙarfinta, har da murmushi, na kasa ƙwace mata shi.

Na zo jami'a. Aji mai sanyi, kowa da kwamfutarsa a gaba, ana koya mana yadda ake ƙulla kalmar sirri mai wuyar kwancewa da yadda ake gane saƙon yaudara. Karatu ne mai kyau, ina kuma son sa, abin da ya ƙara mini kunyar ke nan. Ranar farko da aka ce kowa ya faɗi inda ya fito, na ce Zamfara, wani daga baya ya ce lalle na zo wurin da ya dace. Aka yi dariya, ni ma na taya su, lambar Gwaggo tana ta zagaye a kaina.

Na daure na tare wani malaminmu bayan lakca, na tambaye shi, kamar tambayar karatu, ko mutum na iya gano inda mai waya yake daga lambarsa. Ya dube ni, da alama ya gane ba tambayar karatu ba ce. Ya ce wannan yana hannun kamfanonin waya da hukuma, ɗalibi ba shi da hanya, ko ya gama digirin ma ba aikinsa ba ne. Ya ba ni shawarar a kai lambar ga jami'an tsaro. Na yi godiya. Ban gaya masa tuni aka kai ba.

Daga nan ya kamata in kira Gwaggo. Sai na shiga cewa gobe, in goben ta zo in ce sai na samu natsuwa. Ƙuli-ƙulinta yana cikin akwatina, na kasa ci, na kasa bayarwa.

Inna ce ta kira ni, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba. Ashe dattawan gida sun zauna tuntuni, sun yanke a sayar da shanun huɗar a haɗa abin da mutanen dajin suke nema, su kuma sun fara cewa haƙurinsu ya kusa ƙarewa. Inna ta ce, "Gwaggonki ta hana a hidda shanu. Tac ce a jira ki."

Baba, a kan matattakalar ɗakin karatu na zauna. Duk kwanakin da nake jan ƙafa ina kare mutuncina, Lawali ne ke biyan su a daji.

Gwaggo ba ta da waya. Sai da na kira maƙwabcinsu, ya kai mata tasa, ta taka zuwa tudun bayan firamare inda sabis ke kamawa. Bayan la'asar ne, ina jin hakinta. Na yi mata bayani yadda za ka yi, a hankali, tun daga farko. Na ce karatuna na tsare na'ura ne, ba na kama 'yan bindiga ba. Na ce ba zan iya gano inda Lawali yake ba, ba yau ba, ba kuma bayan na gama ba. Na ce na san haka tun ranar da ta zo Ƙaura.

Sai ta ce, "To. Ashe ƙarhe za ki tsarewa." Babu faɗa a muryarta, da ma ta yi faɗan da na ji sauƙi. Ta ce, "Ba laihi, shi ma aiki na. Alhamis a kai shanun Shinkahi." Har tambaya ta ta yi ko na samu wurin dahuwa a makarantar, ko abincin saye nake ci.

Ina kuka ina ba ta haƙuri, ta ce in bari. Har mun yi sallama sai na ji ta sake kiran sunana.

Ta ce, "Abu guda ɗai ad damuwata. Ranar da sunka bari munka yi magana da shi, na ji muryatai ta mutu. Sai nic ce mai ya ƙara haƙuri, matatai 'yar boko ta tahi koyo, tana nan tahe. Har dariya yay yi, Saratu. Ban san yadda za ni warware mai ba."

An kai shanun, an sayar. Har yanzu da nake rubuta maka ba su sake kira ba, don haka babu wanda ya gaya masa. Yana can yana jira na.

Ya Allah, Ka kuɓutar da Lawali, Ka mayar wa Gwaggo da ɗanta da ransa da lafiyarsa, Ka kuɓutar da duk wanda ke hannun azzalumai. Ka yafe mini shirun da na yi, kada Ka sa ya zama sanadin cutuwarsa. Kai kuma Baba, Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi, Ya haɗa mu a Aljanna ranar da zan iya ɗaga ido in dube ka. Amin.

Wassalam.

'Yarka mai jin kunyarka,
Saratu