Bawa, Waƙar Mai Lofe Ashe Ta Makoki Ce

Zuwa ga aminina Malam Bawa, a ƙauyenku na bayan Gurbin Bore.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Ladi da sauran iyali, ina sanar da kai cewa na sa an buga wannan a inda kowa zai gani ne saboda wayarka ta daina shiga tun farkon damina. Wanda duk ya karanta, in yana da hanya ta wajenku, ya taimaka ya karanta maka. Sauran masu leƙe kuma su yi haƙuri, hirar tsofaffi ce, ba ta sauri.

Ka tuna Baturen nan na kwalejin horon malamai, wanda muke kira Mai Lofe? Shekararmu ta farko, Turancinmu bai wuce na gaisuwa ba, ya raba ajinmu sahu huɗu ya ce zai koya mana wata waƙa da wani mutumin ƙasarsu ya tsara bayan babban yaƙi. Kai ya sa ka sahun masu siririyar murya. Lawali na Zurmi da Shehu na Shinkafi suna tsakiya. Ni aka tura ni baya, wurin masu gurnani.

Kowane sahu daban yake koya wa nasa, a hankali, yana jan kalma guda kamar mai tufka igiya. Mu kuwa mun taso a makarantar allo, mun san malam yakan ja karatu ne don ɗalibi ya riƙe, in ya zauna a baki sai a saki gudu. Sai muka ɗauka shi ma haka yake nufi.

Bai kai ga fassara mana ba ciwo ya kama shi, aka mayar da shi gida. Kai ne ka ce, "Tunda mun haddace, mi ka hana mu sake ta?" Muka sake ta kuwa. Lawali ya sa mata kiɗan ƙwarya, Shehu ya ƙara tafi. Ranar da aka kai maka Ladi mu huɗu muka rera ta a ƙofar gidanku, har gwaggonka ta yi guɗa ta ce ashe Nasara ma sun san daɗi. Ko da Turancinmu ya nuna daga baya, kalmomin sun riga sun lauye a bakinmu, ba wanda ya koma bin ma'anarsu.

Kwanan baya ina zaune da la'asar ina murɗa rediyo, sai na ji ta. Ban gane ta nan take ba, don tafiya take kamar masu ɗauke da makara. Sai da masu gurnani suka shigo na ji bakina yana bin su ba da izinina ba.

Mai gabatarwa ya ce waƙar ta daɗe a yashe. Mutanen can sun fito daga yaƙi ba sa son abin da zai tuna musu, suka ajiye ta, mai ita ya mutu ba wanda ke rera masa. Yanzu ne wasu suka tono ta, suka tara mawaƙa maza da mata a babban zaure, jama'a suka zauna kan kujeru suna share hawaye. Na ce a raina, ashe duk shekarun da ƙasarta ta manta da ita, mu ne riƙonta a nan, muna taka rawa da ita.

Sannan ya faɗi abin da take cewa. Mazan wani ƙauye ne aka ɗebe daga gonakinsu, ba su dawo ba. Hatsi ya nuna ya sunkuya, ba mai yanka. Mata suna tsaye a bakin ƙofa suna duban hanya. Ke nan, Bawa. Abin da muka rera wa amaryarka ke nan.

Ban yi dariya ba, ko da yake abin ya isa dariya. Na tuna Lawali, yadda aka sami gawarsa a kunyar dawarsa da fartanya a gefensa. Ga shi kuwa ya ce sun yi sulhu da 'yan bindigar daji, an ba su izinin girbi. Na tuna Shehu, da aka sauke daga mota a hanyar Shinkafi aka shiga daji da shi, har yau iyalinsa ba su san ko su yi zaman makoki ba. Su can ƙasar Mai Lofe suna da kwanciyar hankalin da za su sa tufafi masu kyau su je su yi kukan abin da ya wuce. Mu namu bai wuce ba tukuna.

Wani direba ya gaya mini kana nan kan bakanka, wai ba za ka fito ba sai ka ɗaure geronka, wai ku ma kun yi sulhu. Na san ka da taurin kai tun kana satar mini sabulu a makaranta, kuma na san gonar nan ta mahaifinka ce. Ban raina ta ba. Amma na gwada rera sahuna ni kaɗai bayan shirin ya ƙare, na tarar ba waƙa ba ce. Gurnani ne da dogon shiru a tsakani, inda ya kamata muryarka ta shiga. Maiɗakina ta leƙo ta tambaya ko cikina ke ciwo.

Ka bar geron, Bawa. Ka ɗauko Ladi ku taho Kaura. Ɗakin zaure yana nan an share, rumbuna bai cika ba amma zai kai mu. In ka ji kunyar cin nawa, ka ci ka zage ni, na saba.

Allah Ya jiƙan Lawali. Allah Ya bayyana Shehu, a raye ko a inda za a yi masa sutura. Allah Ya rufe idon azzalumai daga kanka har ka fito, Ya sassauta maka wannan zuciya taka.

Duk ranar kasuwa zan je tasha in zauna inda motocin Zurmi ke sauke mutane. Gwiwoyina ba su da kirki yanzu, kada ka bar ni ina ta zarya.

Naka tun ƙuruciya,
Malam Ɗanjuma, Kaura Namoda.