Waken da Ya Juya wa Taga Baya

Takoma Park, Maryland

Baffa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Yaya ƙarfin jiki, ya ciwon gwiwar? Ya Inna da yara, ya damina? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Wani abu ne ya tsaya mini a rai. A ɗakin bincikenmu muna ciro ƙwayar halitta daga tung, wata bishiyar ƙasar Sin da ake shafa wa katako man 'ya'yanta, mu sa wa waken suya don ya yi irin man. Akwai waken da ba mu sa wa komai ba, yana wani ɗaki dabam a rufe. Ranar Talata da hantsi na matse shi, sai ga man tung, har ya bushe mini a yatsa. Muka auna, muka sake aunawa, babu ƙwayar a jikinsa.

Grace, abokiyar aikina 'yar Jos, ta riƙo hannuna ta ce, "Halima, dubi ganyen." Duk sun juya wa taga baya, sun karkata ga bango. A bayan bangon nan bishiyar tung ɗin da muke ciro ƙwayar daga jikinta take.

Shugabanmu ya ce kuskure ne, in ƙone in sake, ko da digirina zai ja baya. Na ƙone shi. Sabon da na shuka ya tsiro jiya, shi ma bangon yake kallo.

Kai manomi ne, Baffa, ka taɓa ganin haka? A gaida Inna da su Kawu Sale. A sa ni a addu'a, don gobe ni kaɗai zan shiga ɗakin waken.

'Yarka,
Halima