Wankan Jegon Rabi'a

Misfala, Makka
9 ga Maris, 2015

Yaya Hadijatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Malam da yara.

Kwana shida ke nan matata Rabi'a da jaririya ba sa gida. Ta kai yarinya rigakafi, nas ta ga ƙuna a bayan Rabi'a, ta kira ofishin kare iyali. Da suka zo bincike, maƙwabciyarmu Balarabiya ta ce kullum da safe tana jin ihun mace ta bango. An rubuta cewa ni nake watsa mata tafasasshen ruwa, aka kai su gidan da ake ajiye matan da aka zalunta.

Wankan jego ne, Yaya. Gwaggo Ɗaso ke zuwa daga unguwar Tandabawi tana yi mata da ganye, ranar nan ruwan ya yi zafi da yawa. Rabi'a ta ce musu ita ta yi wa kanta. Jami'ar da ke binciken ta ce hannu ba ya kaiwa wurin, kuma duk matar da ake duka haka take kare mijinta. Sun ce in kawo wanda ya yi.

Kin san Gwaggo ba ta da igama, katin izinin zama. Shekara talatin da biyu tana ɓuya, don ta mutu a nan a binne ta inda aka binne mijinta. In na faɗi sunanta, mayar da ita gida za a yi. In na yi shiru, takardar zargin za ta je kotu da hukumar jami'armu.

Ƙaninki,
Sabitu

Gusau
15 ga Maris

Sabitu,

Wa alaikumus salam. Innalillahi! Kai da ko kaza ba ka iya yankawa? Su a garinsu ba a haihuwa ne?

Ni na jawo. Ni na dame ka a waya sai an yi wa Rabi'a wankan, na ce kada ka mayar mana da yarinya Balarabiya. Tun da na karanta takardarka abinci ya ƙi shiga.

Ka ce ni ce. Ka ce yayarka ta zo Umara ta yi wankan ta koma. Su biyo ni Gusau in sun iya. Kada ka kuskura Gwaggo ta ji.

Allah ya fid da kai.
Hadijatu

Misfala
24 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa. Shawararki ba ta yiwu ba: duk mai shigowa ƙasar nan sai an ɗauki zanen yatsunsa, naki babu.

Ban gaya wa Gwaggo ba. Na ce mata Rabi'a na asibiti, a dakata. A kasuwa ta ji. Shekaranjiya ta ɗauki tukunyar da damin ganyen, ta hau tasi ita kaɗai zuwa ofishin. An ce a gabansu ta nuna yadda ake tsoma ganye a watsa. Jami'ar ta rubuta komai, ta ba ta shayi, sannan ta nemi katinta.

Rabi'a ta dawo jiya. An ce mini a yi haƙuri. Maƙwabciyar ta aiko da dabino, yana nan a kan firji, ba wanda ya taɓa. Na je inda ake tsare waɗanda za a mayar, ba a bar ni na ga Gwaggo ba.

Ki yi mana addu'a.
Sabitu

Makka
2 ga Afrilu

Hadijatu 'yata,

Sallama da gaisuwa. Wata 'yar Zinder da muke tsare tare ke rubuta mini. An ce jirgin Kano, ranar Laraba. Ki turo wanda zai riƙe takarda da sunana, don ba zan gane kowa ba.

Kada ki yi wa Sabitu faɗa. Ki dai ce masa likkafanina yana ƙarƙashin katifa, na wanke shi da zamzam. Ya ba wani mai Umara ya taho mini da shi.

Gwaggonki,
Ɗaso