Kwalin da Bai Hau Mota Ba

Galatina, farkon Disamba

Zuwa ga ɗana Cosimo,

Gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare maka ƙafafunka da zuciyarka, ya sassauta maka sanyin arewar nan da ba ka saba da shi ba. Mu nan duk lafiya. Babanka ya gama tsinkar zaitun, man bana bai kai na bara yawa ba amma ya fi shi daɗi. Kakarka Vita tana fama da gwiwarta, ciwon bai hana ta zuwa coci ba, bai kuma hana ta faɗa ba. Ƙanwarka Palmira ta ci jarrabawar aikin jinya, ta ce in gaya maka yanzu mutum biyu ne masu sana'a a gidan nan, ita da Baba, kai kuwa har yanzu wasa kake yi.

Na san ka je tasha kamar yadda ka saba kowane farkon wata, ka tsaya jiran Uccio direba ya sauko maka da kwalinka, sai ya miƙo maka ambulan kawai. Kada ka zarge shi, bai mance ba, bai kuma shanye maka man ba. Tun da ƙungiyarka ta ba da aronka can arewa, motar nan ba ta taɓa tashi babu kwalinka a ciki ba: man zaitun, tumatirin kwalba da muka dafa a watan Agusta, cuku, busasshen burodi. Na wannan wata ma na haɗa shi, na ɗaure shi da hannuna, sannan na hana shi tafiya. Nemi wuri ka zauna ka ji dalili.

Tun ranar da kai da ɗan wasan gaban nan Oronzo kuka kai ƙafa kan ƙwallo ɗaya, tasa ta karye, aka ba ka jan kati, ban ƙara ganin ɗana a fili ba. Ka gama zaman hukuncinka ka dawo, amma wanda nake gani a talabijin sanye da rigarka wani ne daban. Mutum ya taho da ƙwallo, kai kuma kana ta ja da baya kamar kana yi masa rakiya zuwa raga. Jaridar Litinin ta ba ka maki huɗu cikin goma, ta ce ka tsaya kamar mai jiran bas. Gigetto wanzami ya tambayi babanka ko mai tsaron baya aka ɗauke ka ko mai buɗe ƙofa. Babanka ya tashi da rabin aski ya tafi gona ba da ruwa ga itatuwan da ba sa jin ƙishi. Wakilinka kuma ya kira ya ce in aka kai Janairu a haka za su mayar da kai, kuma babu mai neman ɗan baya da ke tsoron kai ƙafa. Kai kuwa in ka bugo waya, sai labarin hazo da dusar ƙanƙara.

Ban san ƙwallo kamar babanka ba, amma na san abin da na haifa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, wannan na fahimta. Abin da ban fahimta ba shi ne wanda Palmira ta gaya mini da na matsa mata: wai ba ka taka asibitin da aka kwantar da Oronzo ba. Wai saƙo ka sa a waya duniya ta gani, shi ma wakilinka ne ya tsara maka kalmomin. Ba haka na rene ka ba, Cosimo. Zuwa da kai ya fi aike.

Da na bincika, ashe yaron namu ne, ɗan garin Nardò da ke kusa da mu, yana jinya a gidan uwarsa. Na sayi farantin kek mai zafi na hau bas. Uwarsa, Assunta, ta bar ni tsaye a bakin ƙofa tana ƙare mini kallo, sannan ta ce ashe ni ce na haifi gatarin. Na ce ni ce. Ta ce to in shigo, kofi na kan wuta, ita ba ta faɗa da ciki babu komai. Ba mu yi faɗan ba. Mun zauna a kicin muna lissafa laka da jinin da muka wanke daga riguna tun kuna ƙanana.

Oronzo ya fito da sanduna, ƙarfe a ƙafarsa, ya cinye rabin farantin kafin ya yi magana. Ya ce duk wasanninka yana kallo tunda ba shi da aikin yi, kuma haushinka yake ji. Ya ce in dai ƙafarsa ta riga ta karye, gara a ce gwarzon ɗan baya ne ya karya ta, ba wannan mai tafiyar kaguwa ba, kana zubar masa da mutunci a gari. Ya ce filin a jiƙe yake ran nan, dukanku kun zame, kuma ko gobe aka sake jefo ƙwallon zai kai ƙafa. Muka yi dariya. Sai da uwarsa ta fita kwashe shanya ya sassauta murya, ya ce likitoci ba su tabbatar masa zai koma fili ba. Ya ce a asibiti, duk sanda ƙofa ta motsa sai ya ɗaga kai, yana zaton kai ne.

Wannan maganar ce ta biyo ni har gida. Ba zan ce maka ba ka da laifi a karayar ba, ban kuma ce kana da shi ba, Allah ne ya san wannan. Amma ƙofar da ba ka tura ba, wannan laifin naka ne. Kuma ina ganin ba ƙafafun mutane kake tsoro a fili ba, idon yaron nan kake gudu. Muddin ba ka dube shi ba, haka za ka yi ta ja da baya har ka fita daga filin gaba ɗaya.

Kwalin yana nan bayan ƙofa. In ka zo hutun Kirsimeti, kafin ka zauna a teburina, za ka saɓa shi a kafaɗa ka kai Nardò. Babanka ba zai kai ka ba, wakilinka ba zai rubuta maka abin faɗa ba. Assunta ta ce za ta ƙara faranti ɗaya. Bayan nan ka koma ka tare mutane kamar yadda aka koya maka, da gaskiya, ba da mugunta ba.

Babanka yana gaishe ka, da Palmira, da kawunka Donato da iyalinsa. Ka gaishe mini da Signora Elda mai gidan da kake haya, ka kuma daina barin mata takalma a matakala. Kakarka ta cusa wa Uccio safar ulu a aljihu ta ce ya ba ka a ɓoye, tana zaton ban gani ba. Na gani. Ka riƙa sa ta.

Mahaifiyarka mai yi maka addu'a kullum,
Addolorata