Kamun Baba

Litinin, 3 ga Maris
Yau na fara zama a kujerar Baba a asibiti. Ɗakin maganin gargajiya suke ce masa, alhali ɗan lungu ne tsakanin banɗaki da inda ake ajiye tsintsiya. Tunda ɓarin jikin Baba ya shanye aka ce ko wani daga gida ya zo ko a rufe. Ni ne wanin. Nas-nas suka kalli hannuwana suka yi ta dariya, wai Shebur. Ko sunana ba su tambaya ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Matar famasi ta shigo ba sallama. Ta ɗaga ƙullin filasko da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. Wai nawa nake ba mutum? Na ce kamu ɗaya, a jiƙa a kofi, yadda Baba ke yi shekara talatin. Wai kamu giram nawa ne? Ina na san wani giram, ni da na tsaya aji huɗu? Ta dangwarar min da ƙaramin sikeli, ta ce ƙarshen wata za ta kai rahoto, da shi za a bar ɗakin ko a sa masa kwaɗo. Da sikelin na tare ƙofa, dama iska na ta rufe ta.

Asabar, 8 ga Maris
Ba ta amsa gaisuwa. Ni ma na daina.

Talata, 11 ga Maris
Tela ya zo, tsohon mutumin Baba. Kwana huɗu bai zaga ba, wai cikinsa ya ɗinke kansa ba da izininsa ba. Na kama masa kamu ɗaya na filasko. Ya juya ƙullin ya ce, ɗana ka fi ubanka sakin hannu. Na ji daɗi.

Alhamis, 13 ga Maris
An kwantar da tela. Gudawa kwana biyu, ƙarin ruwa leda uku. Matar famasin nan a gaban layin marasa lafiya ta tsare ni: "Ɗan samari, saura kaɗan ka kashe dattijon nan." Na ce ganyen Baba bai taɓa kwantar da kowa ba. Ta ce ita ba ganyen take zargi ba. To wa? Yadda aka koya min na yi, ban ƙara ba ban rage ba. Dama neman dalili take. Idan aka rufe ɗakin nan a hannuna, da wace fuska zan shiga gida.

Lahadi, 16 ga Maris
Na faɗa wa Baba. Ya nuna buhun filasko. Da hannunsa mai lafiya ya kama ya zuba a faranti, ya ce in kama nawa in zuba a gefe. Nawa ya kusa biyun nasa. Hannun da ya sha marina ina yaro, ban taɓa lura ƙarami ne ba. Da ƙyar maganar ta fito: "Kamuna na ce. Ba naka ba."
Na ƙulle nasa a takarda.

Litinin, 17 ga Maris
Na ciro sikelin na goge. Ban iya karanta shi ba, dole matar famasi na kai wa. Ta auna kamun Baba, ta rubuta lambar ta liƙa a gwangwanin filasko, ta sa ni aunawa sau biyar har na dace. Wai shekara biyu tana roƙon Baba ya kama a kan sikeli yana ƙi. Rahoto kuma sai ƙarshen wata, kar in washe baki. Har yanzu ba ta da kirki.
Tela ya tashi zaune, yana ce min Shebur shi ma.
Saura ganye iri goma sha ɗaya a gida da ba a auna kamunsu ba, kuma hannun Baba mai lafiyar ma ya fara rauni. Da sikelin zan koma gida yau. Ƙofa na samo mata dutse.