Makarantar da Ba Benci

Zuwa ga aminiyata Malama,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya ƙafar nan taki? Ni ke faɗa, jikata ke rubutawa, in kin ga shirme nata ne.

Saƙonki ya iso, wai za ki sake buɗe makarantarmu, kina so in zo in yi wa iyayen yara bayani. Zan zo mana. Na tuna ɗakin nan, ba benci ba bulala, wannan na auna ruwa da gwangwani, wancan na kiwon zomo. Kika ce ba a tura wa yaro karatu, shi zai nema ran da ya so. Na ba ki Autana ina murna. Har yau sai an karanta masa takarda, amma ban taɓa ɗora miki ba, na ce rabonsa ke nan.

Jibi zan je wurin 'yarki likita ta duba min ido.

Taki har kullum,
Maman Auta

Malama,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Idon da sauƙi.

Na ga 'yarki. Yarinyar kirki, har ƙasa ta gaishe ni. Muna hira na yi mata jajen ciwon ƙirjin da ya hana ta zama da su Auta a makarantarki, shekarun nan da kika ce tana jinya a gidan yayarki. Ta yi dariya, ta ce ita ba ta taɓa ciwon ƙirji ba. Makaranta kika kai ta, mai benci da jarrabawa.

Malama, ni na riƙa jiƙa mata magani ina ba ki ki kai. Kina karɓa hannu biyu.

Ashe a kan namu kika gwada. Da kika rufe makarantar aka kai Auta wata makaranta, aka zaunar da shi aji ɗaya da ƙananan yara, suna kiransa baba. Bai sake komawa ba. Kuka ya yi a cinyata, ni kuwa ina masa faɗa wai shi ne bai maida hankali ba.

Taron nan zan zo. Zan ce yaranmu sun ji daɗi, don gaskiya ne. Sannan zan faɗi inda kika kai taki. In ba ki so, ki tako ki hana ni da bakinki.

Ki huta lafiya.
Maman Auta